Kafin Ku Sayi Madubin Likita, Ku Gyara Masa Mazauni



Wannan nasiha ta waɗanda suka taɓa leƙa madubin likita ne a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ana layi, malami na cewa a yi sauri a ba na baya, suka koma gida abin bai fita daga ransu ba. Tambayar da kuka fi yi ita ce nawa ake sayar da shi, kuma wanne ya fi ƙarfi. Akwai tambayar da ta riga waɗannan: a ina zai zauna, wa zai kula da shi? Madubi mai tsada da aka ɗora a kan tebur mai rawa, ƙura na hawansa, ba a rubuta abin da aka gani, ƙarshensa ado ne a saman kwaba. Matsakaicin madubi kuwa, in ya sami kusurwa mai tsabta da hannu mai haƙuri, zai yi shekaru yana karantar da mai shi.

Ku dubi mutumin da ya fara ganin bakteriya a duniya, Antonie van Leeuwenhoek. An haife shi a garin Delft na ƙasar Holan a 1632, ya rasu a 1723. Bai shiga jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen da malaman Turai ke rubutu da shi a lokacin. Ɗan kasuwar yadi ne, kuma a sana'arsu ana duba kyan saƙa da ƙaramin gilashi mai ƙara girma. A gidansa ya riƙa gyara gilasansa da hannunsa, kowane madubi da ƙwayar gilashi ɗaya tak, mafi ƙarfin waɗanda suka rage har yau yana ƙara girma kimanin sau 270. A 1674 ya duba ruwan wani tafki da ke kusa da garinsu ya ga ƙananan halittu suna iyo. A 1683 ya kankare dattin haƙoransa ya bayyana siffofin bakteriyar da ke ciki. Abin da ya sa duniya ta yarda da shi shi ne rubutu: shekara hamsin yana aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan wasiƙu, yana faɗin inda ya ɗebo abu, yadda ya shirya shi, da girmansa in an gwada shi da ƙwayar yashi. Da yake bai ƙware a zane ba, sai ya riƙa ɗaukar mai zane. A 1680 ƙungiyar ta sa shi cikin membobinta. Madubin da ɗayanku zai saya yau a kasuwa ya fi nasa sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Abin da za ku nema daga wajensa shi ne tsari da naci.

Wane madubi ne ya dace?

Iri biyu ne za ku tarar. Akwai wanda haske ke ratso abu daga ƙasa, irin na asibiti, na duba abubuwa sirara kamar fatar albasa da ɗigon ruwa. Akwai kuma mai ido biyu da ke haska abu daga sama, yana ƙara girma sau 20 zuwa 40, na duba ƙwari da iri da yashi da zaren tufa. Wanda zuciyarsa ke kan noma da ƙwarin da ke huda wake da masara, na biyun zai fi yi masa amfani. Sauran bayanina a kan na farkon ne.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Tun 1873 Ernst Abbe, masanin da ya yi aiki da Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, ya nuna cewa haske kansa yana da iyaka: madubin haske ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikuromita 0.2, kuma maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shi ya sa duk ƙarin girman da ya wuce kimanin sau 1,000 kumbura hoto kawai yake yi, ba ya fito da wani sabon abu. In kun ga madubin roba mara nauyi an rubuta masa sau 2,000, ku wuce. Araha ba ta ado.

Ku nemi mai gangar jikin ƙarfe, mai abin murɗawa biyu, babba na kusanto da hoto da ƙarami na tace shi. Ya kasance da gilasan ƙasa uku, na sau 4 da na sau 10 da na sau 40, waɗanda a bisa al'ada ake yi wa zobe ja da rawaya da shuɗi, sai gilashin ido na sau 10. Jimillar girma ninki ce: 10 sau 40 ya ba da 400, kuma wannan ya ishe ku shekarun farko. A ƙarƙashin dandalin ɗora abu a sami gilashin tattara haske da ƙofar rage shi. Gilashin sau 100, mai farin zobe, sai da mai na musamman yake aiki, kada ku yi gaggawarsa.

Tsohon madubi na kamfanoni irin su Olympus da Nikon da Zeiss, in lafiyarsa ƙalau, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ku je da guntuwar jarida a jiƙe a kan fallen gilashi ku gwada. Ku tsayar da hoton harafi ku saki hannu, in ya dushe da kansa, dandalin na zamewa. Ku zare gilashin ido ku ɗaga shi ga haske, in kun ga zare-zare masu rassa a ciki, fumfuna ce ta kama shi. Sannan ku tambayi mai sayarwa daga ina ya samo shi. Madubin da aka sato daga asibiti ko makaranta haƙƙin majinyata ne da ɗalibai, ba a gina ilimi a kansa. In kuɗi bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi karo-karo. Akwai ma madubin takarda mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka fito da shi daga Jami'ar Stanford ta Amurka a 2014, yana ƙara girma sau 140, kuma ya isa a fara sanin ko sha'awar ta gaske ce.

Tebur da kujera da haske

Ku nemi izinin iyaye a ba ku kusurwa guda da ba a bi ta cikinta. Tebur mai faɗin mita ɗaya ya isa, amma ya zama mai nauyi, ƙafafunsa huɗu duk a ƙasa. Dalili kuwa madubi na ninka motsi kamar yadda yake ninka girma. Girgizar da hannu ba ya ji, a sau 400 ita ce za ta hana ku ganin komai. Saboda haka a nisanta teburin da bangon da janareta ko injin niƙa ke jingine da shi, a kuma shimfiɗa wa madubin guntun roba mai kauri, ko da na tsohon tub ɗin mota ne. A shimfiɗa leda mai goguwa a kan teburin, fara a gefe ɗaya baƙa a gefe ɗaya, don abu mai duhu ya fito a kan fara, mai haske a kan baƙa.

Kujera ta dace da tsawonku, ido ya kai gilashi ba tare da kun tanƙware wuya ko kun yi ɗage ba. In madubin ya yi ƙasa a sa masa katako, in kujerar ce ta yi ƙasa a sa matashi. Gwiwar hannu ta huta a kan tebur. Mai madubin ido ɗaya ya koyi barin idanunsa biyu a buɗe, domin runtse ɗaya na kawo ciwon kai. Bayan kowane minti ashirin ku ɗaga kai ku kalli nesa.

Wurare biyu ba su dace ba ko kaɗan. Na farko kusa da madafa, saboda hayaƙi da tururin mai suna kwanciya a kan gilashi. Na biyu inda ake kunna turaren wuta ko maganin sauro, ko ake fesa maganin ƙwari, don su ma haka suke yi. In ɗaki ɗaya ne babu yadda za a yi, a rufe madubin a akwatinsa kafin a kunna.

Game da wuta, kada ku jingina sha'awarku da lantarkin gari. Madubi mai ƙwan LED ba ya cin wuta sosai, ba ya zafin da zai busar da ɗigon ruwa ya kashe halittun da ke ciki, kuma wasu na aiki da batir ko fawa bank. Tsofaffin da ke da ɗan madubin juya haske a ƙasa ba ruwansu da lantarki: a juya shi ya ɗauko hasken farin bango ko na sararin sama, ko a kafa masa tocila da farar takarda a gabanta don hasken ya yi laushi. Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: kada ku taɓa juya shi ya ɗauko ƙwayar rana. Gilasan za su tattara hasken su zuba shi cikin ido, kuma ƙunar da za ta yi ba ta warkewa.

Ku kuma koyi wasa da ƙofar haske. Yawancin halittun ruwa garau suke, haske mai yawa na ɓatar da su. A rage ƙofar sannu a hankali har su fito, amma kada a matse ta har hoton ya yi duhu da kaushi. Mai koyo yakan zargi madubinsa alhali hasken ne bai saita ba.

Ƙura, laima da yatsu

Tela ba ya tashi daga aiki bai rufe kekensa ba, ya kuwa san ranar sa masa mai. Haka za ku riƙe madubinku, domin a ƙasarmu shekara ta rabu gida biyu, kowane rabi da irin ɓarnarsa.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ƙurar hunturu ce. Ƙwayoyinta masu ƙarfi ne, in aka goge gilashi suna kai sai su karce shi, kuma karcewa ba ta gyaruwa. Ku ɗinka wa madubin riga da yadi mai santsi wanda ba ya zubar da zare, ku rufe shi ko da salla za ku je ku dawo. Kada a bar bututunsa a buɗe ba gilashin ido a kai. In za a share gilashi, a fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran waya da agogo, ko da sirinji marar allura. Ba a hurawa da baki, saboda yawu. Bayan nan a ɗauki takardar goge gilashi a ɗan jiƙa ta da ruwan goge tabarau, a zagaya daga tsakiya zuwa gefe sau ɗaya, a yar da ita. Bakin riga da mayafi da tishu duk suna karce gilashi. In kuka ga ɗigon datti a hoto, ku juya gilashin ido. In ɗigon ya juya, a can yake. In bai juya ba, ku motsa fallen gilashin, in ya bi shi, ba laifin madubi ba ne. Kada kuma ƙaiƙayin hannu ya sa ku kwance cikin gilasan ƙasa, mayar da su daidai aikin masana'anta ne.

Wannan ƙura da ke ba ku wahala ita ma abin dubawa ce. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wurin da ya kasance ƙasan Tafkin Chadi a zamanin da yake da girman gaske. Ƙasar wurin cike take da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, masu ɓawo irin na gilashi. A 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Bad, masanin Jamus Christian Ehrenberg ya duba ta ya sami irin waɗannan ɓawo a ciki. Ku ajiye faranti mai tsabta a kan katanga ranar da hazo ya yi kauri, ku sa ɗan abin da ya taru a ɗigon ruwa, ku nemi gutsattsari masu jerin huji a sau 400.

Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, laima ce abokiyar gaba. Fumfuna na son duhu da danshi da iskar da ba ta motsi, tana girma a kan gilashi har ta ci fuskarsa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗaure madubi cikin leda a tura ƙarƙashin gado, a nan take samun abin da take so. Ku sami roba mai murfin da ke kamawa sosai, ku ajiye gilasan a ciki tare da silika jel, 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani. In sun sha laima a ɗumama su a hankali su bushe, a mayar. Amfani da madubi a kai a kai ma rigakafi ne, don haske da iska na shigarsa.

Na uku yatsu. Fallen gilashi a gefensa ake riƙe shi. Madubi da hannu biyu ake ɗaukarsa, ɗaya a wuyansa ɗaya a gindinsa. Kullum a fara da gilashin sau 4 kafin a hau. Tsakanin gilashin sau 40 da abin da ake dubawa bai fi rabin milimita da kaɗan ba, don haka in an kai nan ƙaramin abin murɗawa kaɗai ake taɓawa. Wanda ya kai ga gilashin sau 100 ya yi amfani da man da aka yi dominsa, ya goge shi da zarar ya gama, kada ya bari ya shafi na sau 40. Man gyaɗa ko man keke ba sa maye gurbinsa.

Kayan aiki

Abu biyu ne dole a saya a shagon kayan asibiti ko na makarantu: fallayen gilashi, masu tsawon milimita 75 da faɗin 25, da siraran murafansu masu kaurin milimita 0.17. Wannan lamba za ku gan ta a rubuce a jikin gilasan ƙasa, ma'ana da irin wannan murfi aka auna su. Sauran kaya yawancinsu suna gida ko kyamis: hantsaki, allura da aka soka a gindin fensir, sabuwar reza, tsinken sakace, robar maganin ido da ta ƙare aka wanke don ɗiga ruwa, kwalabe masu murfi, rula mai garau, safar hannu, basilin, gilisarin, da man farce marar launi. Na rini kuwa, aidin ya isa a fara, sai maganin nan na GV da ake shafa wa rauni, a tsarma shi da ruwa sosai, da metilin bulu in an samu. Kowace kwalba a manna mata suna da kwanan wata. Reza da rini da fasasshen gilashi a akwati mai makulli, saboda ƙanne.

Akwai dabaru biyu da ba sa cin kuɗi. Ku yanki ɗan da'irar baƙar takarda ku manna a tsakiyar roba mai garau, ku sa a ƙarƙashin gilashin tattara haske. In girmanta ya dace, fili zai yi baƙi, halittun su riƙa sheƙi a kansa, musamman da gilashin sau 4 da na sau 10. Ta biyu, fuskar tsohuwar waya ko kalkuleta tana da leda mai tace haske. In aka sa ɗaya a kan fitila ɗaya a kan gilashin ido aka juya har fili ya yi duhu, kowace ƙwayar sitaci za ta fito da alamar gicciye a jikinta, busasshen ruwan bitamin C kuma ya fito da launuka.

Abin da za a fara dubawa

Ku fara da albasa. A ɓare siririyar fatar da ke cikin ɓawonta, a shimfiɗa guntuwa a ɗigon ruwa, a jingina gefen murfi a sauke shi sannu da allura don kada iska ta maƙale. In kun ga ƙawanya mai baƙin baki mai kauri, kumfa ce, ba halitta ba. A ɗiga aidin a gefen murfin, a sa tishu a ɗaya gefen ya jawo shi ciki, sai cibiyar kowace ƙwayar halittar albasar ta bayyana. Daga nan ku kankari dankalin turawa da rogo da shinkafa ku kwatanta sitacinsu, aidin zai mayar da shi shuɗi mai duhu, kuma siffa da girma sun bambanta. Ku duba garin furen kuɓewa, ƙwayoyinsa manya ne masu ƙaya. Ku shafa man farce a bayan ganye, in ya bushe ku ɗago shi da salatif, za ku ga shatin ƙofofin da ganye ke numfashi da su. Ku gwada zaren auduga da na roba: na auduga a murɗe yake, na roba sumul. Ku narkar da gishiri ku bar ɗigo ya bushe, ku ga yadda yake fitowa da kusurwa huɗu.

Ruwan kududdufi shi ne babbar makaranta. A ɗebo daga gefe, tare da ɗan laka da gansakuka da saiwar kainuwa, domin a nan halittun ke taruwa. Ko a jiƙa busasshiyar ciyawa a ruwan tafki a rufe da yadi: kwanakin farko bakteriya ce za ta yawaita, daga baya masu cin ta su biyo, irin su faramisiyom. In sun yi muku saurin gudu, ku baza 'yan zaruruwan auduga a ɗigon su tare musu hanya. A ɗan taɓa basilin a kusurwoyin murfi don kada ya danne manyansu. Cikin manyan nan za ku haɗu da wani ƙwaron ruwa mai ido ɗaya, saikulof. Shi ne ke ɗaukar tsutsar kurkunu, cutar da ta kwantar da kakanninmu a lokacin noma. Tace ruwan sha da yadi mai ƙananan huji yana cikin abubuwan da suka karya ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da ita a 2013. Wanda ya ga ƙwaron nan da idonsa ba sai an yi masa wa'azin tace ruwa ba, gani ya kori ji.

Littafi da fensir

Ku ware littafi guda da ba a rubuta komai a ciki sai wannan aiki. Kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, inda aka samo abu, yadda aka shirya shi, girman da aka duba shi, da zane. Zanen ba gasar kyau ba ce. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa ido ya tsaya ya tambayi kansa: gashin nan a duk jiki yake ko a gaba kawai? Robert Hooke na Ingila, wanda ya wallafa littafinsa Micrographia a 1665, har yau zane-zanensa na ƙuma da ɓawon itace ake tuna shi da su. Ku zana abin da kuka gani, ko da ya saɓa wa hoton littafin makaranta. Abin da ba ku gane ba ku rubuta cewa ba ku gane ba, ku kai wa malamin bayoloji ko wani ma'aikacin ɗakin gwaji cikin ladabi, a lokacin da ba ya kan aiki.

Ku koyi awo tun da wuri. In an rubuta 10x/18 a gilashin ido, ku raba 18 da ƙarfin gilashin ƙasa: da na sau 10, faɗin da'irar da kuke gani milimita 1.8 ne, da na sau 40 kuma 0.45. In ƙwayoyin albasa shida suka cika faɗin farko a tsaye, kowace ta kai milimita 0.3 ke nan. Za ku iya tabbatar da lissafin ta hanyar ɗora rula a ƙarƙashin gilashin sau 4.

Hoton waya na da amfani, kuma akwai maƙalin da ke riƙe ta a kan gilashin ido, ko a haɗa shi da kwali da robar ɗaure kuɗi. A kashe filasha, a sa lokacin jira don hannu ya bar wayar kafin ta ɗauka. Amma a duba da ido tukuna, a rubuta, sannan a ɗauka. In za ku sa hoto a Facebook ko WhatsApp, ku faɗi ko mene ne da girman da aka ɗauke shi. Kada ku ɗauki kumfa ko zaren tufa ku ce tsutsa ce a cikin abincin wani ko ruwan da wani ke sayarwa. Wannan ƙarya ce da ke iya karya sana'ar bawan Allah.

Iyakar da ba a tsallakewa

Mallakar madubi ba ta mayar da kowa likita. Gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini, wadda Alphonse Laveran ya fara gani a Aljeriya a 1880, yana bukatar rini na musamman da gilashin sau 100 da horo mai tsawo, kuma ko ƙwararru ana sake duba aikinsu. In maƙwabciya ta kawo muku ɗanta mai zazzaɓi, ku ce, "Baba, ki yi haƙuri, asibiti za a kai shi," ku raka ta in da hali. Kada ku taɓa jini ko fitsari ko majina ko bayan gidan wani, domin ciwon hanta da tarin fuka da sauransu ta nan suke bi. Kada ku riƙa renon ƙwayoyin cuta a ɗaki da ruɓaɓɓen nama ko romo. Ƙwayoyin bairos kuwa sun fi ƙarfin madubin haske, kada wani ya ruɗe ku.

Wajen ɗibar ruwan tafki ku sa safar hannu, ko ku ɗaura kwalba a sanda. Tsutsar tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa, ta fata take shiga jiki, ba sai an sha ba. Ba a ci ba a sha a kan teburin aiki, ba a mayar da kwalbar gwaji madafa. Ruwan da aka gama da shi a zuba masa bilic kafin a zubar, kada a bar shi a buɗe ya zama gidan sauro. A wanke fallaye da sabulu, a ɗauraye, a jingina su bushe, a wanke hannu.

Kada kuma abin ya ci lokacin salla da karatu da aiken iyaye. Awa ɗaya a natse, sau biyu ko uku a mako, ta fi kwana ɗaya na zumuɗi da watanni na mantuwa.

Ƙannena, ku fara da abin da ke hannunku a wannan makon: ku nemi izinin kusurwar, ku gyara ƙafar teburin, ku sayi littafin, ku fara tara kwalabe da silika jel. Ranar da madubin ya zo, ku kira ƙannenku mata da maza su leƙa, ku koya musu riƙo da rufewa, ku kai shi makarantar unguwarku in ba su da nasu. Wanda aka ba ikon ganin abin da mutane ba sa gani, amana ce a wuyansa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya tsare muku idanunku.